Hindu Mai Gwanjo da Dodannin Fage

Tun tana 'yar ƙarama a Taba mutanen gidansu suka gane Hindu ba ta iya ganin abu biyu sun kara ta wuce. In zakaru suka kaure a gindin rumbu, sai ta sauke tulun da aka aike ta da shi, ta tsuguna, ta zaɓi nata, ta yi ta zuga shi har ɗayan ya sunkuyar da kai ya ruga. In raguna ne suka ja da baya za su gwabza, ta fi masu su rawar jiki. Da kaka kuwa, in 'yan dambe suka sauka a garin, ba a barin 'yan mata su je kallo, amma akwai wata ɗorawa a bayan gidan kawunta wadda in ka hau reshenta na sama kana hango fage tar. Sau da dama da tsumagiya aka sauko da ita daga can.

Ita dai ba mafaɗaciya ba ce, ba a taɓa kawo ƙarar ta daki 'yar kowa ba. Abin da ke mata daɗi shi ne ta ce wane ne zai ci tun ba a fara ba, ya kuma ci ɗin, sannan ta juyo ta bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Aure ne ya kawo ta Ikara, gidan Maiwada, wani manomin tumatir da barkono. Maiwada mutum ne da in ka gaishe shi da safe ya amsa, to ka gama jin muryarsa ta wannan rana. Fuskarsa guda ɗaya ce tal. Da ita ya karɓi labarin ƙanƙara ta kwantar masa da masara, da ita kuma ya karɓi albishir ranar da aka haifa masa ɗan fari. 'Yan rakiyar amarya da suka koma Taba sun ce wannan zama ba zai kai damina ba, don an haɗa ganga da turmi. Da maganar ta dawo kunnen Hindu sai ta yi dariya ta ce, "Ni ina magana, shi yana saurare. To me kuma ake nema a aure?" Haka suka zauna har suka aurar da 'ya'ya, saura autarsu Hafiza.

Da hidimar yara ta ragu, Hindu ta kama sana'ar gwanjo a cikin gida. Ranar Laraba takan sa a ɗauko mata dilar tufafi daga kasuwar Makarfi, a sauke a tsakar gida, matan unguwa su taru a yanka igiya a gabansu. Ribar ba wata mai yawa ba ce, amma yankan igiyar nan ya fi mata komai, domin ba wanda ya san abin da ke ciki. Takan dafa dilar ta ce, "Wannan kayan yara ne, in ba su ba ne ku canza mini suna." Wani lokaci ta dace, wani lokaci a tarar da labule zalla, sunan dai ba a canza ba. Ba ta kuma sayar da riga sai ta laluba aljihunta. A haka ta tara maɓallai, da ɗan kunne wari guda, da wani baƙin tabarau mai ƙafa ɗaya a ɗaure da zare.

Wata shekara da sanyi ya shigo, a aljihun ciki na wata ƙatuwar rigar sanyi, hannunta ya ci karo da wani ɗan kwali da aka ɗaure da roba. Ta buɗe, sai ga katuna lodi guda, masu kauri da sheƙi. Ba irin kartar da samari ke bugawa a tasha ba ce. Kowane kati da hoton wata halitta da ba ta taɓa gani ba: ga wani ƙato mai ido ɗaya a tsakiyar goshi riƙe da kulki, ga mai jikin mutum da kan sa, ga zaki da fukafukai, ga maciji mai kawuna birjik, ga wata mata a kan doki ta ja baka, ga kuma wani ɗan tsamurmurin abu kore mai dogayen kunnuwa, riƙe da wuƙar da ba ta wuce ta yankan kuɓewa ba.

Uwaliya, maƙwabciyarta kuma aminiyarta, ta leƙo ta ja da baya. "A'uzubillahi! Yaya Hindu, aljanun Turawa ne. Jefa su a murhu."

"Aljanin da ya yarda aka ɗaure shi da roba ai ba abin tsoro ba ne," in ji Hindu, ta soke kwalin a ƙugunta.

An kai wa wani malamin firamare da ke haya a layinsu 'yar takardar da ke cikin kwalin. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce haruffan dai na boko ne, amma wannan ba Turanci ba ne. Hindu ba ta damu ba. Kwana da kwanaki, da ta sauke tukunyar rana sai ta baza katunan a tabarma tana ƙare musu kallo. Ta lura kowane dodo yana da katunansa, da lambobi daga sifili zuwa goma. Ta lura kuma hoton da ke bayan kwalin wani fili ne zagayayye, mutane sun yi masa ƙawanya suna ɗaga hannu. Nan ta buga cinya.

"Uwaliya! Zo ki gani. Dambe suke yi!"

Daga nan sauran ya zo mata da sauƙi. Ta raɗa musu sunaye: Mai Ido Ɗaya, Bajimi Mai Wando, Zaki Mai Fiffike, Kububuwa, Gwaggo Mai Baka, da Ɗan Tsamurmuri. Ta kafa doka cewa kowace mace za ta ɗauki dodo ɗaya ya zama nata. A raba katuna, kowa ta ɗora wa nata babbar lamba, ta danna wa na abokiyar karawarta ƙarama. In aka zagayo, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta ya faɗi, a fitar da shi. Haka za a yi ta yi har saura ɗaya. Wasan ta kira shi Fage. Ita Bajimi Mai Wando ta riƙe, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa mata shi. In za ta ɗora masa goma sai ta miƙe tsaye ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta yi masa kirari: "Na Hindu, mai ƙaho ba aro ba! Ka ci dawa, ka ci mai dawa, ka sa wandonka ka koma gida!"

Kafin sanyi ya wuce, tsakar gidan Maiwada ta zama dandali tsakanin azahar da la'asar. Uwaliyar da ta ce a ƙona su ita ce ta fara zuwa kullum, Kububuwa kuma ta zaɓa. Matsalar da aka samu ita ce mata sun fara sa kaya. Yau a ce wadda aka kayar ta ba da ƙullin gishiri, gobe a ce daddawa. Wata rana Hindu ta cinye daddawar Uwaliya kaf, mijin Uwaliya ya sha miyar kuka salam, ya tambayi dalili, aka faɗa masa gaskiya. Washegari maganar ta isa gaban Malam Zakiyyu, yayan Maiwada, mai karantar da littattafai a zaurensa.

Malam Zakiyyu ya zo da kansa bayan la'asar. Hindu ta shimfiɗa masa buzu, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Allah ya gafarta Malam, barka da yamma. An wuni lafiya? Ya ɗalibai? Ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya yaran? Ya kasuwa? Madalla." Ya gyara zama. "Hindu, an ce mini kin buɗe gidan caca."

"Wasa ne, Allah ya gafarta Malam."

"Daddawar Uwaliya da wasa ta shiga tukunyarki?"

Hindu ta sunkuyar da kai. Malam ya sa aka kawo katunan, ya sa ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Da ta gama ya ce duk abin da zai bar hannun wani ya koma na wani saboda an ci wasa, caca ne, ko da ƙwayar gero ce, don haka a mayar wa kowa kayanta yau ɗin nan. Ya ce kada wasan ya ci lokacin salla, kada kuma ya sa tuwon wani ya ƙone.

Hindu ta ɗan ɗago. "To in 'ya'yan tsamiya muka zuba, in an tashi a mayar da su gwangwani, ba wadda ta tafi da ko ɗaya fa?"

Malam ya shafa gemu ya ce shi dai da son samu ne da carbi suka riƙe, amma wannan bai kai a kira shi caca ba. Ya miƙe zai tafi, sai idonsa ya sauka kan Bajimi. Ya ɗauki katin ya matso da shi kusa da fuska.

"Wannan kuma, da kansa na sa, wa ya ɗinka masa wando?"

"Nan ne ilimina ya tsaya, Malam."

Aka ga kafaɗarsa tana rawa har ya fita zaure.

Shekaru suka yi ta tafiya Hindu tana sarautar Fage. Ta san katin da ya fita da wanda bai fita ba, ta san Uwaliya ba ta iya riƙe goma a hannu ba tare da ta yi tari ba, ga baki kuma da ke rikita abokin karawa tun bai ajiye kati ba. Matan da suka yi aure a Furana da Kudan suka tafi da labarin, har wasu suka yanka kwalin sabulu suka zana nasu dodannin. Maiwada ma yakan zauna in ruwan sama ya hana shi zuwa gona kuma hannu bai cika ba. Ɗan Tsamurmuri ake ba shi, tunda ba mai so. Kullum shi ake fara fitarwa, domin ba ya iya danna wa dodon kowa sifili. In Hindu ta ce, "Baban Hafiza, ka kashe Kububuwar nan mana, ga ta a kwance," sai ya ce, "Ba ta yi mini komai ba." A fitar da shi, ya koma gefe yana gyaran buhunan barkono.

Ana nan Hafiza ta samu shiga makarantar koyon aikin lafiya a Makarfi. Da ta zo hutu, wata rana tana kallon iyayenta mata suna wasa, sai ta ɗauki tsohuwar takardar nan da ke ƙasan kwali ta haska ta da wayarta. Wayar ta juya rubutun zuwa Turanci. Hafiza ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Inna, shekara da shekaru ba daidai kuke yin wasan nan ba."

Hindu ko ɗagowa ba ta yi ba. "In ji wa?"

"In ji waɗanda suka ƙirƙiro shi. Sun ce ba wanda ya mallaki dodo. Ku 'yan kallo ne kawai, kuna zuba 'ya'yan tsamiyarku a kan waɗanda kuke ganin za su kai ƙarshe. Wanda ya zuba da wuri ya fi samun maki. Kati kuma kina iya ɗora wa kowane dodo."

"Wato Bajimi ba nawa ba ne?"

"Ba na kowa ba ne, Inna."

"To su zo Ikara su karɓe shi."

Hafiza ta share hawayen dariya ta ci gaba. "Saura ɗaya. Kowa yana da damar ya zaɓi dodo ɗaya a ɓoye. Ki kife katinsa a gabanki, ki ɗora ɗan tsamiya a kai, ba wanda zai san wa kike goyon baya sai an tashi. In naki na ɓoye ya tsira, makinsa ya fi na kowa."

Hannun Hindu ya tsaya cak a sama da kati. "A ɓoye?"

"A ɓoye."

"Ina zaune da ke, ina taya ki kuka an kayar da naki, alhali ni na haƙa masa rami?"

"Haka suka ce."

Hindu ta ajiye katin. Can ta ce, "Mutanen nan ba su da kirki ko kaɗan. Tattaro katunan mu gwada."

Ranar an yi yayyafi, Maiwada yana gida, aka kira shi ya cika hannu. Hindu ta kife katinta tana murmushi, ta ɗora ɗan tsamiya. Ba Bajimi ta zaɓa ba, don ta san kowa shi zai zata. Zaki Mai Fiffike ta ɗauka. Aka fara. Zagayen farko bai ƙare ba Maiwada ya zaro sifili ya ɗora wa Zaki, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Zaki ya faɗi. Aka ci gaba, dodanni suna faɗuwa. Da aka tashi kowa ya buɗe katinsa, sai ga Gwaggo Mai Baka a gabansa, ita ce kuma ke tsaye a fage ko ƙwarzane babu.

"Sa'a ce," in ji Hindu. "A sake."

Aka sake, ya ci. Aka kuma sakewa, ya ci. Mutumin da bai taɓa kashe dodon kowa ba, yanzu da aka ce dodannin ba na kowa ba ne, tausayi ya fita daga ransa. Ga shi ba mai iya karanta fuskarsa. Uwaliya ta ƙura masa ido har ta ji kunya ta kawar da kai, ta ce ita da ta kalli bangon ɗaki da ta fi samun labari. Ita kuwa Hindu duk wanda ta zaɓa, shi Maiwada zai bi ya danne, kamar da alli ta rubuta sunan a goshinta.

Daga ranar ba ta sake samun sukuni ba. Ta ce bakinta ne ke tona ta, sai ta riƙa cika shi da rake in za a fara. Ya ci. Ta ce idonta ne, ta ɗauko baƙin tabarau mai ƙafa ɗaya ta ƙwama, har Uwaliya ta ƙware da dariya. Ya ci. Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, tana leƙen katunan ta ƙasa. Ya ci. Ta zaɓi dodo ido a rufe, ita kanta ba ta duba ba sai da wasa ya yi nisa, amma tana dubawa, zagaye na gaba ya kashe shi.

"Baban Hafiza, tsakaninka da Allah, wani abu kake karantawa?"

"A'a."

"To yaya kake ganewa?"

"Gani nake yi."

"Me kake gani?"

Ya tattara katunan ya miƙa mata. "Raba."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne labarin ya fita. Ta je suna Furana, wata tsohuwa ta tare ta da cewa, "Ke ce matar Maiwada mai Fage?" Ta dawo gida ranta a ɓace. Ta ɗaure kwalin da robarsa, ta cusa shi can ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla, ta sanar cewa dodanni sun gaji, sun tafi hutu.

Damina ta kankama, gidan ya yi tsit. Mata sukan leƙo su taɓa gwanjo su tafi. Hindu takan zauna bayan azahar tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Ta ɗauka ita kaɗai abin ke damu. Sai wata rana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Maiwada yana zaune a bakin ƙofa yana kallon indararo, ya yi gyaran murya.

"Hindu."

"Na'am."

"Mutanen nan ba su dawo daga hutun ba?"

Ta juyo ta dube shi. Tunda aka kawo ta gidan nan bai taɓa neman wani abu da bakinsa ba. Ko gishiri ne ya yi kaɗan a miya, haka zai cinye ya yi hamdala. Fuskar dai tana nan yadda take, amma ta ga ya riga ya jawo tabarma, ya kuma ajiye gwangwanin 'ya'yan tsamiya a gefensa. Ta tashi ta buɗe adaka.

"Sun dawo. Amma ka sani, sun dawo da fushi."

Ya cinye ta ranar ma, ta kuma yi mamakin yadda abin bai yi mata zafi kamar da ba. Sai dai ba ta haƙura ba. Ta aika aka kira Uwaliya, ta ja ta ɗaki.

"Gobe ba za ki yi wasa ba. Ki ce kanki ke ciwo. Ki zauna gefe ki kalli idonsa kawai, ki ga ina yake kallo."

Washegari Uwaliya ta ɗaure kai da ɗankwali ta zauna tana nishin ƙarya. Ana tashi ta ja Hindu bayan rumbu, dariya na neman kayar da ita.

"Yaya Hindu, ai ko sau ɗaya bai kalli fuskarki ba. Ƙafarki yake kallo."

"Ƙafata?"

"Babban yatsanki na dama. Duk sanda aka taɓa dodonki sai ya miƙe tsaye kamar an kira sunansa. In aka ɗora masa babbar lamba kuwa har rawa yake yi."

Hindu ta sunkuya ta kalli yatsan. Yana nan a kwance cikin silifa, da lallensa, kamar bai san komai ba. "Kai ne ashe," ta ce masa. "Ina ciyar da kai, ina sa maka lalle, kana kai rahotona."

Uwaliya ta ce ai sai ta sa safa, ga su nan cike da dila. Hindu ta girgiza kai. In ta sa safa zai gane an gano shi, ya koma neman wata kafa. Ta fi son ta bar masa ɗan rahotonsa, amma ta koya wa ɗan rahoton ƙarya.

Haka ta shiga horar da yatsa. Tana tankaɗe tana ɗaga shi tana kwantarwa. Tana cinikin gwanjo tana murza shi a ƙasa. Mafi wuya shi ne hana shi motsi in ranta ya motsa, don haka ta sa Uwaliya ta riƙa zuwa da labaran ban haushi da na daɗi, ita kuma tana danne shi. Har wata mai sayen riga ta tambaya ko Hindu ta taka ƙaya ne. Da ta ga ya fara jin magana, ta zaɓi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta tara mata, Hafiza ma ta zo daga Makarfi.

Hindu ta miƙe ƙafa a tabarma yadda ta saba, ta kife katinta. Ɗan Tsamurmuri ta zaɓa, wanda ba ta taɓa kallo da mutunci ba. Aka fara. Uwaliya ta ɗora wa Bajimi ƙaramar lamba, Hindu ta ɗaga yatsa zumbur. Ta gefen ido ta ga ƙwayar idon Maiwada ta sauka ta koma. Zagaye na gaba ya danna wa Bajimi sifili. Bajimi Mai Wando, abokin tafiyarta na shekaru, ya faɗi a gabanta, ita ce kuma ta miƙa shi. Ta yi salati, ta dafe ƙirji, rabin abin ma ba ƙarya ba ne.

Daga nan Maiwada ya saki jiki, a ganinsa ya gama da ita. Ya koma kan Uwaliya da Hafiza. Can Hafiza, ba da sanin komai ba, ta ɗora wa Ɗan Tsamurmuri biyu. Hindu ta ji yatsan yana neman tashi. Ta danne shi da ƙasa har gumi ya tsattsafo mata a goshi, ta ce da sakakkiyar murya, "Ku kashe ɗan banzan nan mu huta." Da layi ya zo kanta ta yi tsaki ta ce ba ta da wani kati, ta jefa wa Ɗan Tsamurmuri tara kamar mai zubar da shara, ta kuma danna wa Mai Ido Ɗaya ƙarama a zagayen ƙarshe, don ta lura tun ɗazu Maiwada ke lallaɓa shi. Mai Ido Ɗaya ya faɗi.

Aka zo buɗe kati. Maiwada ya juya nasa, Mai Ido Ɗaya ne. Ya dubi nata yana jiran ganin Bajimi. Hindu ta ɗauki lokacinta, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta hure katin, sannan ta juya shi. Ɗan kore mai kunnuwa ya bayyana da 'yar wuƙarsa.

Maiwada ya kalli katin. Ya kalli yatsan. Hindu ta ɗaga masa shi, ta kaɗa shi hagu da dama kamar mai gaisuwa.

Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, kamar injin ban ruwa da ya daɗe ba a tayar ba. Ya tsaya, ya sake tasowa. Kafin a ankara Maiwada ya kife a tabarma yana dariya, hularsa ta faɗi, hawaye na bin gemunsa, yana nuna yatsan ya kasa magana. Hafiza ta saki baki, don tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin haƙoran babanta na ciki ba. Hindu kuwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa har sau uku.

Guɗar ta jawo mutane. Matar Malam Zakiyyu ta shigo da mayafi a hannu tana tambayar wa ya haihu. Sai Maiwada ya ɗago, yana share ido, ya ce, "Yatsa ne ya yi mini ƙarya." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya shirya, ta juya.

Yanzu katunan sun tsufa, har Hafiza ta kai su shagon kwamfuta an liƙe su da leda. Ranar Litinin da Alhamis dokar Hindu ake bi, kowa da dodonsa, sauran ranaku kuma ta ɓoye. A ta ɓoyen, yau ita gobe shi. Sai dai tun bayan girbin bana Maiwada ya sake jera mata ci, ta kuma tabbata ya samo wata sabuwar kafa. Uwaliya ta yi ciwon kan ƙarya har ta gaji ba ta gano ba. Hindu tana zargin hancinta. Shi ya sa in ka shiga gidan bayan azahar za ka same ta ta naɗe ƙafafu cikin zani, hannu ɗaya riƙe da katuna, ɗayan a kan hanci, tana magana ta cikinsa.

"Raba, Baban Hafiza. Kuma ka daina kallona."

"Ban kalle ki ba," in ji shi, ya ci gaba da rabo.